1979: Shekarar da mulkin Chadi ya sauya hannu

Ranar Litinin 12 ga Fabrairu, 1979, rigima ta tashi a makarantar sakandare ta Félix Éboué da ke Njamena, tsakanin ɗaliban da ke son a shiga yajin karatu da waɗanda suka ƙi. Aka ji ƙarar bindiga. Kafin rana ta faɗi, sojojin Shugaban Ƙasa Félix Malloum da mayaƙan Firayim Ministansa, Hissène Habré, suna ta musayar wuta a tsakiyar gari. Kafin shekarar ta ƙare, mutum uku sun riƙe kujerar shugabancin Chadi, kuma an yi zaman sulhu huɗu a Najeriya, biyu a Kano, biyu a Legas.

Wutar ta daɗe tana ci a ƙasa. Tun da Chadi ta samu 'yancin kai daga Faransa ranar 11 ga Agusta, 1960, mulki yake hannun mutanen kudu, musamman ƙabilar Sara, waɗanda suka riga 'yan arewa shiga makarantar boko, kuma a ƙasarsu ake noman audugar da gwamnati ke dogaro da ita. Tsananin haraji a zamanin shugaban farko, François Tombalbaye, ya sa manoman Mangalmé yin bore a 1965, shekarar da ta biyo baya kuma aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Nyala na Sudan. Sojoji suka kashe Tombalbaye ranar 13 ga Afrilu, 1975, suka ɗora Janar Malloum, shi ma ɗan kudu.

A farkon 1978 mayaƙan Goukouni Oueddei, ɗaya daga cikin jagororin FROLINAT, da taimakon Libiya, suka ƙwace garin Faya-Largeau. Malloum ya ga ƙasa na neman suɓuce masa, sai ya jawo Habré, shi ma ɗan tawayen arewa, wanda ya riga ya ɓata da Goukouni a kan mamayar da Libiya ta yi wa yankin Aouzou. A watan Agusta ya naɗa shi Firayim Minista. Habré ya shigo gari da mayaƙansa, ba a haɗe su da sojojin ƙasa ba. Gwamnati ɗaya, runduna biyu, kowa kuma na ganin shi ne mai faɗa a ji.

Faɗan Fabrairu bai tsaya kan masu kaki ba. Njamena gari ne da Larabawan Shuwa, Barebari, Hausawa, Tubawa da mutanen kudu ke cin kasuwa ɗaya, amma cikin 'yan kwanaki maƙwabci ya koma tsoron maƙwabcinsa. Dubban 'yan kudu, ciki har da ma'aikatan da ke riƙe da ofisoshin gwamnati, suka kwashe iyalansu daga unguwanni irin su Moursal suka nufi garuruwansu, wasu suka haye kogi zuwa Kuseri a Kamaru. Da labarin kashe-kashen ya isa kudu, sai aka huce a kan Musulmi 'yan kasuwa mazauna Moundou da Sarh, aka hallaka da yawa. Sojojin Faransa da ke birnin ba su tsaya wa Malloum ba, mayaƙan Goukouni kuma suka shigo daga arewa.

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Daga Njamena zuwa Gamboru Ngala tafiya ce kaɗan ta cikin Kamaru, saboda haka gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kira ɓangarorin zuwa Kano a watan Maris, a gaban wakilan Nijar, Kamaru, Sudan da Libiya. Malloum da Habré da Goukouni da Aboubakar Abderahmane na ƙungiyar tawaye ta MPLT suka sa hannu kan tsagaita wuta, da afuwa, da sakin fursunoni, da kafa gwamnatin riƙon ƙwarya. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne a janye duk masu ɗauke da makamai zuwa nisan kilomita 100 daga Njamena, sojojin Najeriya su tsare gari. Ranar 23 ga Maris Malloum da Habré suka sauka, Goukouni ya karɓi riƙo. Malloum ya koma zama a Najeriya, bai dawo gida ba sai 2002.

Sojojin Najeriya sun iso, amma mayaƙa ba su fita ba. A zama na biyu a Kano, cikin Afrilu, Habré da Goukouni suka ƙi yarda a ba sauran ƙungiyoyi, irin ta Acyl Ahmat mai samun goyon bayan Libiya, kujera a teburi, taro ya watse. Da suka koma gida suka kafa gwamnati ranar 29 ga Afrilu, suka sa Lol Mahamat Choua a gaba, Habré ya riƙe tsaro, Goukouni harkokin cikin gida. Maƙwabta suka ƙi amincewa da ita. Najeriya ta tsuke hanyar man fetur, a watan Yuni kuma sojojinta suka bar ƙasar. A can kudu, Kanar Wadel Abdelkader Kamougué ya tattara jandarmominsa ya kafa kwamitin mulki a Moundou. Chadi ta zama ƙasa ɗaya a taswira kawai.

Sai ranar 21 ga Agusta, a zama na biyu a Legas, ƙungiyoyi 11 suka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya: gwamnatin haɗin kan ƙasa, zaɓe cikin wata 18, da rundunar tsaro daga ƙasashen da ba su da iyaka da Chadi, wato Kongo, Benin da Gini. Kongo kaɗai ta tura sojoji. Ranar 10 ga Nuwamba aka kafa gwamnatin da ake kira GUNT, Goukouni shugaba, Kamougué mataimaki, Habré ministan tsaro, Acyl ministan harkokin waje. Wata ɗaya da 'yan kwanaki kafin nan, Obasanjo ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki bayan zaɓe. A Njamena kuwa kowane minista na kwana da rundunarsa a ƙofar gida. A Maris 1980 Goukouni da Habré, Musulmi duka, Tubawa duka, suka gwabza yaƙin wata tara wanda ya ragargaza birnin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba addini ne tushen fitinar ba, neman kujera ne da bakin bindiga.

Abin da 1979 ta bari yana nan har yau. Tun saukar Malloum babu ɗan kudu da ya sake riƙe mulkin Chadi na tsawon lokaci: Goukouni, Lol, Habré daga 1982, Idriss Déby daga 1990, sai ɗansa Mahamat daga 2021. Kowannensu da ƙarfin soja ya fara hawa. Masu shiga tsakani a Kano da Legas sun yi ƙoƙarin da ya cancanci yabo, kuma sun gano ainihin ciwon tun da suka rubuta cewa a fitar da makamai daga birni. Abin da suka kasa shi ne tilasta wa kowa cika wannan sharaɗi kafin a raba muƙamai. Duk mai zaman sulhu a yankinmu a yau, daga Sudan zuwa dazukan Zamfara, ya kamata ya fara da tambayar da ta gagari 1979: wa zai karɓi bindigogin, kuma yaushe?