Yankin Ciniki Maras Shinge na Maigatari

Yankin Ciniki Maras Shinge na Maigatari keɓaɓɓen fili ne na masana'antu da rumbunan ajiya a ƙaramar hukumar Maigatari ta Jihar Jigawa, gabas da Babura, dab da iyakar Nijar. An kafa shi a shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ƙarƙashin NEPZA, hukumar da ke kula da irin waɗannan yankuna a Najeriya, domin jawo masu zuba jari na waje ta hanyar yafe musu haraji da kuɗin kwastan. Ƙasar Ayalan ce ta fara irin wannan tsari a Shannon cikin 1959, ya kuma ja mata kamfanonin Amurka.

Abin da yankin ya dogara da shi a bayyane yake: riɗi da zoɓo da ƙaro da manoman Gumel, Babura da Kazaure ke samarwa, ga kuma kasuwar dabbobi ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, inda raƙuma da shanun Damagaram ke cika kara. Sai dai ƙarancin lantarki ya daɗe yana tauye shi. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sun ƙara durƙusar da harkar, abin takaici ga manomin da riɗinsa ke tafiya Legas ɗanye.