Hanyar Filinge ranar Lahadi: duwatsun Kurfai da labarin Shikal

Kafin rashin tsaro ya tsuke hanyoyin arewacin jihar Tillaberi, zuwa Filinge na cikin yawon da mutanen Yamai suka saba yi a ƙarshen mako. Abokan aiki ko ɗaliban jami'a su haɗa kuɗin mai, su cika mota tun da asuba, su kama hanya mai lamba 25, su komo gida bayan magariba. Tafiyar kimanin kilomita 180 ce. Ranar Lahadi ake yin ta, don ranar ce kasuwar Baleyara ke ci, ranar ce kuma ta Filinge.

Daga Baleyara hanya ke faɗawa cikin Dallol Boso, kwarin wani kogi da ya ƙafe tun dubban shekaru, wanda ya taso daga Azawak ya gangara kudu har Bumba, bakin kogin Isa. Can gefe sai ka ga gaɓar jan dutse a tsaye kamar ganuwar birni, samanta a shimfiɗe, gindinta cike da duwatsun da suka zubo. A cikin kwarin ruwa yana kusa, rijiya ba ta zurfi, shi ya sa goriba da gawo suka samu wurin zama. Wannan ruwan ne ya tara jama'a iri-iri a tsiri ɗaya na ƙasa: Abzinawan Tagazar a Baleyara, Zabarmawan Tondikandiya a Damana, Abzinawan Imanan a Bonkuku, sai Kurfayawa masu jin Hausa daga nan zuwa arewa. Shi ne kuma ya sa ƙarni na 19 ya wuce musu cikin hari da ramuwar hari.

Masu yawon suna da wuraren tsayawa da suka sani. Wasu kan ratse zuwa Fandu, a yankin Damana, mahaifar Janar Seyni Kunce, inda aka yi masa sutura bayan rasuwarsa a Paris a watan Nuwamba na 1987. Wasu kan zarce arewa da Filinge zuwa Tukunus, gidan kiwon gwamnati da aka kafa a 1954 don inganta jajayen shanun Azawak, su sayo cuku. Sauran kan tsaya a kasuwa, cikin raƙuma da tabarmin kaba da kanwa, da la'asar a hau dutse a ɗauki hoto.

Kaɗan ne ke tambayar hanyar Shikal. A ganina kuwa nan ne babban labarin Kurfai yake.

A wasu ƙasashe mai irin wannan yawo gine-ginen bauta na dutse yake zuwa kallo. Kakannin Kurfayawa, kamar maƙwabtansu na Arewa da Adar, ba su yi gini irin wannan ba. Wurin tsafin Arna itace ne, ko dutse, ko wani lungu a gindin tudu da baƙo zai wuce bai lura ba. Wanda ya san dutsen Tunguma na Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, ya san abin da ake nufi. Iskoki kuwa ba ɗaki ake gina musu ba, jikin mutum suke hawa a filin bori. Saboda haka tarihin addinin gargajiya na wannan ƙasa a bakin mutane yake, sai ka zauna da su za ka same shi.

Da Faransawa suka iso a farkon ƙarni na 20, sun tarar Kurfai ba ta da sarki guda mai iko da kowa. Sai suka ɗora Gado Namalaya, mayaƙin da ya karɓe su, a kan ƙasar baki ɗaya, suka yi bariki a Filinge. A 1916 Firhun, shugaban Abzinawan Iwillimmidan, ya tayar wa Faransa, ya kawo hari Filinge cikin watan Afrilu, aka kore shi, aka ci shi da yaƙi a Andarambukan wata guda bayan haka. Mulkin Annasara ya ƙara kafuwa, da shi da harajin kai, da aikin tilas, da ɗibar samari soja. Duk ta hannun sarki suke biyowa, talaka kuma ya san haka.

Wajen 1925 aka ga abin da ba a taɓa gani ba a Shikal, kudu maso gabas da Filinge. Wata mace mai suna Shibo ta hau iska a filin wasa, amma iskar ba ta cikin waɗanda masu bori suka sani. A ruwayar da mai ɗaukar fim Jean Rouch ya ji daga baya, iskar ta ce ita ce Gomno Maliya, gwamnan Bahar Maliya. Ba a jima ba wasu suka biyo: janar, kafaran, likita, duk ma'aikatan bariki. Wanda suka hau sai ya miƙe ƙyam, ido a juye, kumfa na zuba a baki, ya sara irin ta soja, ya yi fareti da bindigar itace, yana ba da oda da gurɓataccen Faransanci, ya kama wuta da hannu ko ya goga ta a jiki. Ana kiran waɗannan iskoki Babule, sunan da ya fi yaɗuwa kuma shi ne Hauka.

Samari da 'yan mata suka bi Shibo. Suka riƙa fita daji, suka juya wa sarki baya, suka ƙi aikin da ake ɗora musu. Gado Namalaya ya kai ƙara. Kumandan na Yamai a lokacin, Horace Crocicchia, ɗan tsibirin Korsika wanda daga baya ya zama gwamnan Gine, ya sa aka kamo Shibo da mutanenta masu yawa, aka kulle su, aka dake su don su ce babu wata Hauka. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Maimakon iskokin su ɓace, sai aka samu ƙarin guda: Korsasi, Mugun Kumandan. Mutumin da ya dake su ya shiga jerin iskokin da ke hawansu, da zafin ransa da tsawarsa, har yau kuma yana fitowa a filin wasa a ƙasar Zabarma.

Masana sun yi ta muhawara a kan ma'anar wannan abu. Finn Fuglestad, a rubutunsa na 1975, ya ɗauke shi tawayen talakawa ga sarautar da aka ƙaƙaba musu. Wasu sun fi ganinsa ta fuskar addini. Ni dai ban ga dalilin raba biyun ba, tunda a Kurfai ta wancan zamani filin bori ne wurin da mace ko saurayi marar sarauta zai iya ɗaga murya jama'a ta saurara. Malamai sun ƙi abin tun farko, suna kuma ƙinsa har gobe, kuma akasarin Kurfayawan yau Musulmi ne da ba ruwansu da bori. Wannan bai hana a san cewa mutanen ƙauye ɗaya sun girgiza bariki ba tare da harsashi ko ɗaya ba.

An ci gaba da kame a 1927, aka kori wasu daga ƙasar. Amma 'yan cirani sun ɗauki Hauka zuwa Gwalkwas, Ghana ta yau. A can, kusa da Akara, Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a 1954. Hukumar mulkin mallakar Ingila ta hana nuna shi, ya kuma ci kyauta a bikin fina-finai na Venis a 1957. Ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka na kallonsa har yanzu, da yawansu ba su taɓa jin sunan Shikal ba.

Yanzu yawon Lahadin ya ja baya ƙwarai. An sa dokar ta-ɓaci a sassan Tillaberi tun 2017, an hana hawa babur a wurare da dama daga Janairun 2020, kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 a Kure cikin Agustan wannan shekarar kuma ya karya gwiwar masu fita kallo a Dallol ɗin gaba ɗaya. Waɗanda suka ga Shibo da idonsu sun ƙare. Akwai dai jikokinsu a Shikal da Filinge da unguwannin Yamai, kuma cibiyoyin tattara tarihin baka irin su IRSH da CELHTO suna nan cikin Yamai. Ɗalibin da ba zai iya kama hanya mai lamba 25 bana ba, yana iya fara neman tsofaffin Kurfayawan da ke zaune a birni ya ɗauki maganarsu.