Littattafan Ban Dariya Da Suka Koya Wa Iyayenmu Karatun Boko

Yau za mu waiwayi tarihin wasu 'yan littattafai masu zane da raha, waɗanda yawancin yaranmu na nan Ibadan ko sunansu ba su taɓa ji ba.

Asalin abin daga Zariya ne. A can Turawan mulki suka ajiye Hukumar Fassara, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi a hannun wani Bature, Dokta Rupert East. Shi ya lura cewa an koya wa yara baƙaƙen boko, amma babu abin da za su karanta don jin daɗi. To, yaron da ya gama haɗa baƙi ya rasa labari, ina amfanin wahalarsa? Sai aka sa gasar rubutu a 1933, Malam Abubakar Imam ya shiga da Ruwan Bagaja. Duk wanda ya karanta ya san yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi ta kitsa wa juna tsiya gari-gari, mai karatu na ƙyaƙyatawa har da hawaye.

Ganin haka aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Dubi hikimar da ya yi: bai ɗauko wani shehin malami ya ba da labaran ba, aku ya ɗauko, tsuntsu mai surutu, har aka naɗa shi waziri. Yaro ya buɗe shafi ya ga zanen aku a fada, dole ya so sanin me ya faɗa, kuma ba hanyar sani sai ya haɗa baƙaƙen nan da kansa. Haka labarin Kalala da Kalalatu, mata mai kwaɗayin da ta cinye kajin baƙo sannan ta haɗa mijinta da shi tsere. Yaro yana dariya, karatu na shiga bai ma sani ba. Don 'yan farawa kuma aka yi Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, jimla gajera, zane a gefe. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, sannan a shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, manya ma suka shiga aji.

Mu fa? An kafa Sabo tun 1916, kuma jirgin ƙasan da ke sauko da shanu ya koma da goro ta Zariya yake bi. Littattafan ba su yi mana nisa ba, sai dai zukatan iyayenmu ne suka yi nesa da boko, suna tsoron ya raba yara da allo. Ba mu ga laifinsu ba, zamaninsu ne, kuma da ajami suke rubuta wasiƙunsu da lissafin fataucinsu lafiya lau. Amma lokacin da gwamnatin Awolowo ta buɗe firamare kyauta a 1955, 'ya'yan maƙwabtanmu Yarbawa sun tarar da Alawiye na Odunjo yana jiransu, da labaran kunkuru mai wayo a cikin harshensu. Namu da suka shiga daga baya sai suka koyi karatu da Yarbanci da Turanci. Shi ya sa yau za ka ga saurayi Bahaushe, haifaffen Sabo, ya iya karanta jaridar Turanci, amma ka miƙa masa takardar Hausa ya riƙa in-ina, bai san bambancin k da ƙ ba.

Wasu 'yan'uwa kan ce raha ba ta dace da ilimi ba. Mu dai a ɗan saninmu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana wasa da yara, bai kuma faɗin komai sai gaskiya. Karatun Alƙur'ani yana nan da ladabinsa, ba wanda ya ce a taɓa shi.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Littattafan nan har yau ana samunsu a Kano da Zariya. Duk ɗan kasuwar da zai hau Arewa, ya saƙa kwafi biyu ko uku cikin kayansa ya kawo wa Islamiyyar layinsu, malamai kuma su ware sa'a ɗaya ranar Alhamis, tunda ba karatun allo.