Ranar da Manajojin Apple Suka Juya wa Steve Jobs Baya

A ƙarshen watan Mayun 1985, manyan manajojin kamfanin Apple suka zauna taro a Cupertino, jihar Kalifoniya ta Amurka. Shugaban kamfanin, John Sculley, ya shirya tafiya ƙasar Sin, amma ya fasa, domin Jean-Louis Gassée, wani Bafaranshe daga cikin manajojin, ya tsegunta masa cewa Steve Jobs na shirin tsige shi da zarar ya tafi. Sculley ya tunkari Jobs a gaban kowa, sannan ya bi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi wanda yake so ya jagorance su. Mafi yawansu suka zaɓi Sculley. Cikinsu har da Bill Campbell, mai kula da tallace-tallace, wanda bai ɓoye cewa yana ƙaunar Jobs ba.

Jobs yana da shekara 30 a lokacin. Shi da Steve Wozniak suka kafa kamfanin a 1976, kuma shi da kansa ya lallaso Sculley daga Pepsi a 1983. Abin da ya shiga tsakaninsu Macintosh ne, kwamfutar da aka fitar a Janairun 1984 kan dala 2,495. Ta burge mutane, amma ƙwaƙwalwarta kilobait 128 ce kacal, manhajojinta kaɗan ne, kuma bayan 'yan watanni cinikinta ya faɗi. Tsohuwar Apple II ce ke kawo kuɗin, ma'aikatanta kuwa suna jin Jobs ya raina su. Masu goyon bayansa suna cewa shi ne ke hango inda kwamfuta ta dosa. Masu adawa da shi suna nuni da alƙawuran da sashensa bai cika a kan lokaci ba, da yadda yake wulaƙanta na ƙasa da shi. Tun a Afrilu hukumar daraktoci, ciki har da Arthur Rock da Mike Markkula waɗanda suka zuba jari tun farko, ta ba Sculley izinin raba shi da sashen Macintosh. A Satumba Jobs ya ajiye aiki.

Yau labarin da ake bayarwa shi ne wawaye sun kori gwani. Shekarun da suka biyo baya ba su goyi bayan wannan hukunci kai tsaye ba. A hannun Sculley cinikin Apple ya tashi daga kusan dala miliyan 800 zuwa kusan biliyan 8 kafin a sauke shi a 1993. Jobs kuwa ya kafa NeXT, inda babu mai ce masa bari. Kwamfutarsa ta farko ta fito a 1988 kan dala 6,500, kyakkyawa ce ƙwarai, har a kan irinta Tim Berners-Lee ya rubuta manhajar farko ta yanar gizo a CERN. Amma masu saye ba su zo ba, kuma a 1993 NeXT ya daina ƙera na'ura gaba ɗaya. Abin da manajojin 1985 suka ji tsoro, shi ya faru a kamfanin da Jobs ya riƙe shi kaɗai.

Sai dai su ma ba su yi daidai duka ba. Sun auna halin mutumin da kyau, amma ba su tanadi wanda zai yi aikin da yake yi ba. Bayan shekara goma Apple ya kasa sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da Macintosh, dole ya fita neman ta waje. Ya fara taya BeOS, ta kamfanin Gassée ɗin nan, aka kasa daidaitawa kan farashi. A Disambar 1996 ya sayi NeXT kan sama da dala miliyan 400. A 1997 Jobs ya karɓi ragamar kamfanin, ya kuma kira Campbell, wanda ya ƙi zaɓensa a baya, ya shiga hukumar daraktoci. Mu masu rubuta manhaja har gobe muna ganin sawun wannan ciniki: sunaye irin su NSString a tsarin Apple gadon NeXT ne.

Jobs ɗin da ya dawo ya ɗanɗani asara da kuɗinsa, kuma a Pixar, wanda ya saya a 1986, ya koyi barin ƙwararru su yi aikinsu. Manajojin da suka zauna a ɗakin nan ba wannan mutum suka gani ba. An tambaye su ko Jobs ya cancanci jagoranci, suka amsa bisa abin da ke gabansu a shekarar. Abin da aka bari ba a warware ba shi ne inda za a ajiye mai basirar da bai kai ga shugabanci ba tukuna. Muƙamin da aka bar masa suna ne kawai, ba aiki, shi ya sa ya tafi, har sai da aka biya ɗaruruwan miliyoyi kafin ya dawo.