Modem ɗin gida: haya ko saye, da yadda ake auna saurin intanet

Modem ita ce na'urar da ke haɗa gida da layin kamfanin intanet. A Amurka, gidaje da yawa suna samun intanet ta wayar da ke kawo musu tashoshin talabijin. Modem mai aiki da wannan waya tana bin ƙa'idar DOCSIS, wadda cibiyar CableLabs ta fitar a 1997. Zubi na 3.0 ya fito a 2006, na 3.1 kuma a 2013.

Lissafin haya da saye

A 2024, kamfani irin Comcast ya riƙa ba da na'urarsa haya a kan kusan dalar Amurka 15 a wata, wato 180 a shekara. Ana samun modem mai DOCSIS 3.1 a kasuwa daga dala 100 zuwa 200. Ke nan wanda ya saya yakan mayar da kuɗinsa cikin shekara guda ko kusa da haka. Wata doka ta 2019, wadda ta fara aiki a Disamba 2020, ta hana kamfanoni karɓar kuɗin haya a kan na'urar da mutum ya saya da kansa.

Amma haya ma tana da ranarta. In na'ura ta lalace, kamfani ne ke canza ta. Mai saye kuwa, gyara a wuyansa yake, kuma dole ya duba ko kamfanin ya amince da irin wadda ya zaɓa. A Faransa, boks ta kamfani ce, ana mayar da ita idan an daina aiki da shi.

A Nijar intanet na gida yana zuwa ne ta boks mai layin 4G, ko wayar fibre, ko Starlink da ya fara aiki a ƙasar a 2025. Kafin a biya, a tambaya: boks ɗin a kulle take da layin kamfani ɗaya, ko tana karɓar na Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms? Wa zai gyara ta? Tana da batir idan wuta ta ɗauke?

Yadda ake awo

Sabuwar na'ura ba ta ƙara abin da layi bai kawo ba, shi ya sa awo ke gaba da saye. Ana yin sa kyauta da Speedtest, ko Fast.com na Netflix, ko nPerf. Lambobi uku ne ke fitowa: saurin saukewa, saurin aikawa, da jinkirin amsa da ake kira ping. Idan ping ya yi yawa, kiran bidiyo na WhatsApp yakan riƙa tsinkewa ko da saukewa tana da sauri.

A kula da bambancin ma'auni. Ana auna sauri da Mbps, girman fayil kuma da Mo ko Go. Octet ɗaya bit 8 ne, saboda haka layi mai 10 Mbps yana sauke 1,25 Mo a daƙiƙa, kuma 1 Go zai ɗauki kusan minti 13.

Don awo ya yi daidai, a cire sauran wayoyin gida daga wifi, a haɗa kwamfuta da boks ta waya in da hali, ko a tsaya kusa da ita. A maimaita da safe, da rana da dare, har kwana uku. Kowane awo yana cin megas, musamman a layi mai sauri.

Idan sauri ya yi kyau kusa da boks amma ya faɗi a ɗakin baya, katanga ce ke tare wifi, sai a canza wa na'urar wuri. Idan kullum da dare yake faɗuwa, cunkoson rezo ne, kuma sayen wata modem ba zai magance shi ba. A adana hotunan sakamakon a kai wa kamfani. In ba a samu biyan bukata ba, ARCEP ce hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa a Nijar.