Sulken Japan a Cikin Jirgin Ruwan Ingila: Tarihin Wata Kyauta daga Kagoshima

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wani sulken yaƙi na Japanawa wanda ya shafe shekaru ana nuna shi a cikin jirgin ruwan fasinja na Ingila mai suna Queen Elizabeth 2, wanda aka fi sani da QE2. Gwamnan lardin Kagoshima ne ya ba jirgin wannan sulke a shekarar 1979, lokacin da ya yada zango a can cikin tafiyarsa ta zagaya duniya. Za a duba yadda ake ƙera irin wannan sulke, da dangantakar da ke tsakanin Kagoshima da Ingila, sannan a nuna haɗarin da ke fuskantar kayan tarihi idan suka rabu da bayanin asalinsu. An yi amfani da kalmar sulke a nan da faffaɗar ma'ana. A Hausa ta fi nufin rigar zobban ƙarfe, amma na Japanawa yawancinsa faifayen ƙarfe ne da fata.

2.0 Sulken Japanawa

Mayaƙan Japan, wato samurai, sun soma fice tun zamanin Heian (794 zuwa 1185). Babban sulkensu na wancan lokaci, wanda suke kira o-yoroi, an yi shi ne domin mahayin doki mai harbi da baka. Maƙeri yakan yanka ƙananan faifaye na ƙarfe ko na busasshiyar fata, a shafe su da wani ƙaro na itace da ake kira urushi domin kare su daga tsatsa da laima, sa'an nan a jera su ɗaya bisa ɗaya, a ɗaure da igiyoyin siliki ko na fata masu launi iri-iri. Saboda haka sulke guda aikin masu sana'a da yawa ne: maƙera, da dukawa, da masaƙa, da marina, da masu shafe.

A ƙarni na 16 yaƙe-yaƙen cikin gida sun yawaita, kuma a 1543 Turawan Fotugal suka kawo bindiga tsibirin Tanegashima, wanda a yau yake cikin lardin Kagoshima. Wannan ya sa aka koma ga manyan faifayen ƙarfe masu sauƙin ƙira da ƙarfin tare harsashi. Cikakken sulke na wannan zamani ya ƙunshi kwalkwali, wato kabuto, da makarin fuska, da rigar ƙirji, da makaran kafaɗa da hannu da cinya da ƙwauri. Yana da akwatinsa na musamman, kuma a kan wannan akwati ake zaunar da shi idan za a nuna shi, har mai kallo ya ga kamar jarumi ne a zaune.

Bayan da gidan Tokugawa ya kama mulki a 1603, ƙasar ta sami zaman lafiya na fiye da shekara 250. Sai sulke ya tashi daga fagen fama ya koma kayan hawa da alfarma, da gadon gida, da kuma kyauta tsakanin manya. Wannan matsayi na ƙarshe shi ne ya fi shafar wannan nazari.

3.0 Kyautar Farko: 1613

Sulken QE2 ba shi ne na farko da Japanawa suka ba Ingilishi ba. A 1613 Kyaftin John Saris ya isa Hirado a jirgin ruwa mai suna Clove, ɗauke da wasiƙar Sarki James na Ɗaya. Ya gana da Tokugawa Ieyasu, sannan da ɗansa Hidetada wanda ke riƙe da sarautar shogun, wato shugaban mulkin soja. Hidetada ya ba shi sulke biyu ya kai wa Sarkin Ingila, aikin wani maƙeri na birnin Nara mai suna Iwai Yozaemon.

Abin da ya biyo baya abin lura ne. Ingilishi sun rufe masaukin cinikinsu na Hirado a 1623, hulɗa ta yanke, kuma a hankali aka manta da inda kyautar ta fito. Da aka soma nuna ɗaya daga cikin sulkunan a Hasumiyar Landan bayan 1660, sai aka riƙa gaya wa masu ziyara cewa na Sarkin Mughal na Indiya ne. Ƙarfen da silikin suna nan, amma sunan ya ɓata, kuma da ɓatan sunan aka mayar da aikin wata al'umma ga wata. Sai daga baya masana suka gyara kuskuren.

4.0 Kagoshima da Ingila

Kagoshima tana kudancin tsibirin Kyushu, kuma ita ce hedikwatar tsohuwar daular Satsuma ta gidan Shimazu. Haɗuwarta da Ingila a ƙarni na 19 da jini ta fara. Ran 14 ga Satumba, 1862, a ƙauyen Namamugi kusa da Yokohama, wasu Ingilishi huɗu a kan dawaki suka ci karo da ayarin Shimazu Hisamitsu, mahaifin sarkin Satsuma. Bisa al'adar ƙasar, wajibi ne mai tafiya ya sauka ya ba irin wannan ayari hanya. Da ba su yi haka ba, dogaran suka far musu, suka kashe wani ɗan kasuwa mai suna Charles Richardson.

Ingila ta nemi diyya. Gwamnatin shogun ta biya fam 100,000, amma Satsuma ta ƙi biyan nata kason na fam 25,000, ta kuma ƙi miƙa waɗanda suka yi kisan. A watan Agusta na 1863 jiragen yaƙi bakwai na Ingila suka shiga mashigin Kagoshima ƙarƙashin Admiral Kuper. Suka kama jiragen Satsuma uku masu aiki da tururi suka ƙone su, suka yi wa garin ruwan wuta har wani sashe mai yawa ya ƙone. Igwogin Satsuma su ma sun yi ɓarna, domin kuwa sun kashe kyaftin ɗin babban jirgin, Euryalus, tare da mataimakinsa.

Darasin da Satsuma ta ɗauka shi ne cewa takobi da sulke ba za su tare jirgin yaƙi na zamani ba. Ta ranto kuɗi daga gwamnatin shogun ta biya diyyar, ta kuma nemi abota da waɗanda suka ƙona mata gari. A 1865 ta aika da tawagar mutum 19 zuwa Ingila a ɓoye, galibinsu ɗalibai matasa, alhali dokar ƙasa ta hana fita waje. Bayan shekara uku, a 1868, Satsuma na cikin waɗanda suka kifar da mulkin Tokugawa suka mayar da iko ga Sarki Meiji.

Sabuwar gwamnatin da 'yan Satsuma suka taimaka aka kafa ita ce ta rushe matsayin samurai. A 1876 ta hana su ɗaukar takobi a bainar jama'a. A 1877 waɗanda abin ya yi wa zafi suka yi tawaye ƙarƙashin Saigo Takamori, kuma yaƙin ya ƙare da mutuwarsa a tudun Shiroyama, cikin Kagoshima, ran 24 ga Satumba. Daɗin daɗawa, Togo Heihachiro, wanda yana saurayi ya tsaya bakin igwa a 1863, ya yi karatun aikin jirgin ruwa a Ingila, kuma jirgin da ya jagoranci yaƙin Tsushima da shi a 1905, wato Mikasa, ƙirar Ingila ne.

Idan aka yi la'akari da wannan duka, za a ga nauyin kyautar 1979. Bayan shekara 116 da harin, jirgin Ingila ya sake shiga wannan mashigi, wannan karon ɗauke da baƙi masu yawon buɗe ido, kuma gwamnan garin ya tarbe shi da tufafin mayaƙan da suka taɓa yin fito-na-fito da Ingila. A fahimtar wannan maƙala, miƙa kayan yaƙi ga tsohon abokin gaba shaida ce ta cewa an yi sulhu, kuma tunatarwa ce cewa mai kyautar yana da nasa tarihin na jarunta.

5.0 Jirgin da Kayan Tarihinsa

An ƙera QE2 a masana'antar John Brown da ke Clydebank a ƙasar Sikotland. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ƙaddamar da shi ran 20 ga Satumba, 1967, kuma ya fara tafiyarsa ta farko daga Southampton zuwa New York ran 2 ga Mayu, 1969, ƙarƙashin kamfanin Cunard. Tsawonsa ya kai mita 293. A 1982 gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi na ɗan lokaci, ya yi jigilar sojoji kimanin 3,000 zuwa yaƙin Falkland. Japanawa sun nuna masa ƙauna ta musamman, har aka yi hayarsa ya zauna a matsayin otal a Yokohama a 1989.

A gyaran da aka yi masa a 1994 an tsara kayan tarihin kamfanin a lunguna da matakalai domin fasinja su bi suna kallo. A cikinsu akwai kofin azurfa na birnin Boston mai alaƙa da zuwan jirgin Britannia a 1840, da allon tunawa da yaƙin Falkland, da kuma sulken Kagoshima. A nan ma'anar sulken ta sake sauyawa. Abin da aka yi domin jarumin Japan, aka kuma bayar domin zumunci, ya zama ɗaya daga cikin hujjojin ɗaukakar kamfanin jiragen Ingila.

A 2007 aka sayar da jirgin ga wani kamfanin gwamnatin Dubai a kan dala miliyan 100. Ya isa can a watan Nuwamba na 2008. An mayar da kofin Boston cikin jirgin Queen Mary 2, amma akasarin kayan tarihin sun tafi tare da QE2. Jirgin ya yi kusan shekara goma a ɗaure a tasha kafin a buɗe shi a matsayin otal a Mina Rashid a watan Afrilu na 2018. Irin wannan dogon zama abin damuwa ne ga sulke, domin haske da zafi da sauyin laima suna fasa shafen urushi, suna kuma cinye igiyoyin siliki, waɗanda su ne ke riƙe da faifayen.

6.0 Kammalawa

An ga yadda sulken Japanawa ya tashi daga kayan yaƙi ya zama kyautar manya, da yadda tarihin Kagoshima da Ingila ya ba kyautar 1979 ma'anar da ta wuce ado. An kuma ga daga misalin 1613 cewa kayan tarihi yana iya tsira daga wuta da tsatsa amma ya rasa sunansa. Mai ziyarar da aka gaya wa cewa ga sulken Japan daga jirgin QE2 an gaya masa gaskiya, sai dai ba a ba shi Namamugi ba, ba a ba shi 1863 ba, ballantana dalilin da ya sa Kagoshima ce ta yi kyautar. Don haka aikin adana irin waɗannan kaya bai tsaya ga masu gyaran ƙarfe da siliki ba. Ya haɗa da masu rubuta bayani da masu fassara, waɗanda haƙƙinsu ne su tabbatar cewa sunan mai kyauta, da gari, da shekara, da dalili, sun bi kayan duk inda aka kai shi, cikin kowane harshe.