Ƙullutun da ake haihuwar jariri da shi a kai ko cikin hanci: abin da ya kamata mu sani

Wani lokacin a kan haifi jariri da ƙullutu mai taushi a ƙeya, ko tsakanin idanu, ko can cikin hanci. Likitoci na kiran abin ansefalosel. Tun cikin watan farko na ciki, wajen kwana 28, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ke rufewa. In bai rufe daidai ba, sai a samu kafa a ƙashin kai, tantanin ƙwaƙwalwa da ruwanta, wani sa'in har da ɗan ɓangarenta, su turo waje. Ba aikin iskoki ba ne, ba kuma laifin uwa ba.

Na ƙeya da na goshi ana ganinsu tun ranar haihuwa. Na gindin ƙoƙon kai shi ne mai ɓuya. Alamunsa: hanci a toshe kullum, yaro na numfashi da baki, nono na ba shi wuya, idanu sun yi nisa da juna, ruwa garai-garai na ɗiga daga hanci, ko sanƙarau mai tafiya yana dawowa. Ƙullutun kan ƙara kumbura in yaron na kuka.

Jama'a, don Allah, kada a kai wa wanzami, kada a yi sakiya, kada a matsa. Ba maruru ba ne. Fasa shi na buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya har ƙwaƙwalwa, kuma ana iya rasa yaron. In fatar ta ɗaye, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi CSI mafi kusa ranar nan. Daga can za a tura asibitin Mayahi ko na Tasawa, sannan Maraɗi. Hoton sikana ne ke nuna inda kafar take. Maganinsa tiyata ce: likitan ƙwaƙwalwa ya rufe kafar. Akwai irin waɗannan likitoci a Yamai, da Kano da Sakkwato.

Tun 2006 aka mayar da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnatin Nijar, amma kuɗin mota da guzurin mai jinya na kan iyali. Ƴan uwanmu da ke ci-rani, nan ne taimakonku ke da amfani, kuma da wuri.

Mata kuwa, ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awon ciki tana ɗauke da sinadarin folik, mai rage haɗarin irin wannan lahani. Ya fi aiki in an soma sha tun kafin a ɗauki ciki. Wake, gyaɗa da ɗanyen ganye ma suna da shi.

Allah ya raya mana zuri'a.